Bayit ko Bishiya: Da Me Kompaila Zai Gane Ƙima Biyu Abu Ɗaya Ne?

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja da harshen Rust ko C++ ya san jeri mai gurbi 4 da jeri mai gurbi 5 ba nau'i ɗaya ba ne. In aiki yana jiran mai 4 ka miƙa masa mai 5, kompaila zai ƙi tun manhajar ba ta tashi ba. Wato lambar ta shige cikin nau'in kansa, ta zama ɓangaren shaidarsa. To in wani ya rubuta 2 + 2 a inda wani ya rubuta 4 fa? Nan babu musu: kompaila zai yi lissafin, ya sami 4, ya ce nau'i ɗaya ne. Musun yana tasowa ne idan abin da aka cusa wa shirin gama-gari, wato kod ɗin da ake rubutawa sau ɗaya ya yi aiki da ƙimomi daban-daban, ya wuce lamba tsura, ya zama kalma, ko ƙunshi mai gurabe da yawa, ko manuni da ke nuna wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Da wace siffa kompaila zai riƙe irin wannan ƙima har ya iya duban guda biyu ya yanke hukunci, ɗaya ne ko daban?

Hukuncin kuwa ba ya karɓar "wataƙila". Harsunan nan biyu suna fitar da kwafi na musamman na shirin gama-gari ga kowace ƙima da aka ba shi, kuma kowane kwafi sai an raɗa masa suna, domin linka, manhajar da ke ɗinke gutsattsarin aiki a ƙarshe, ba ta san komai ba sai sunaye. A tsarin da GCC da Clang ke bi a kan Linux, aiki mai suna f da aka ba cikakkiyar lamba 4 yana fitowa da suna _Z1fILi4EEvv. Dubi tsakiyarsa, Li4E: ga lambar nan zaune daram a cikin sunan. Fayil biyu da aka harhaɗa a ranaku daban-daban dole su fitar da wannan suna harafi da harafi, in ba haka ba linka ta ce ba ta ga aikin ba. Idan kuma ƙimomi biyu mabambanta suka fito da suna ɗaya, abin ya fi muni, don babu wanda zai ɗaga murya. Za a ɗauki kwafi ɗaya a yar da ɗayan, manhaja ta ci gaba da ba da amsar da ba ita ba.

Mutanen Rust sun daɗe suna kewaye wannan rami. Da harshen ya fito a 2015, ɗakin karatunsa na asali ya tanadi ayyukan jeri ne ɗaya bayan ɗaya, daga mai gurbi 0 zuwa mai gurbi 32, ya tsaya. Jeri mai gurbi 33 ko kwatanta shi da ɗan'uwansa ba ka iya yi kai tsaye. An amince da shawarar gyara, RFC 2000, a 2017. Sigar 1.47 ta Oktoban 2020 ta cire mafi yawan katangar 32 ɗin, sannan sigar 1.51 ta Maris 2021 ta buɗe wa kowa ƙofa ya rubuta nasa shirin mai karɓar ƙima. Amma ƙofar ba ta buɗe duka ba: cikakkun lambobi, da gaskiya-ko-ƙarya, da harafi guda, su kaɗai aka bari. Ba ragwanci ne ya tsayar da su a nan ba. Waɗannan su ne ƙimomin da ba a jayayya a kan ma'anar daidaitonsu.

A muhawarar yadda za a riƙe sauran ƙimomin, ɓangare na farko yana cewa a daina wahalar da kai. Kompailan Rust yana da injin lissafi a cikinsa, wanda ke gudanar da kod tun lokacin harhaɗawa, kuma abin da injin ke fitarwa yanki ne na ƙwaƙwalwa: jerin bayit, da alamar da ke nuna waɗanne aka rubuta waɗanne aka bari fanko, da bayanin inda kowane manuni ya samo asali. Ga ƙimar nan a hannu, cikakkiya, a siffar da na'ura za ta yi amfani da ita. Me zai sa a warware ta a sake gina ta da wata siffa, sannan in an zo fitar da kod a sake mayar da ita bayit? Duk juyi ƙofar kuskure ce. Bayit ba ya ƙin kowa, duk abin da harshen zai iya ajiyewa a ƙwaƙwalwa zai iya shiga. Ga kuma araha: tebur mai bayit miliyan ɗaya zai ci wuri kusan miliyan ɗaya ne, kwatanta biyu kuwa aiki ne da na'ura ta fi ƙwarewa a kai. Haka kompailan Rust ya fara, kuma ga lambobi tsura hanyar ta yi aiki lafiya.

Ɓangare na biyu ba ya musun arahar. Abin da yake cewa shi ne, ku zo mu duba bayit ɗin da kyau. Ɗauki ƙunshi mai gurbi biyu, ɗaya lamba mai bayit 1, ɗaya mai bayit 4. A yawancin na'urorin yau lamba mai bayit 4 tana son zama a adireshin da ke rabuwa da 4, saboda haka ƙunshin zai ci bayit 8, ba 5 ba. Ukun da suka rage ciko ne, babu wanda ya mallake su, kuma abin da ke cikinsu ya danganta da hanyar da aka bi aka gina ƙunshin. Ƙunshi biyu masu 7 da 100 a gurabensu na iya bambanta a cikon nan. A idon mai rubuta manhaja abu ɗaya ne, a idon mai ƙirga bayit kuwa daban. Haka nau'in Option na Rust, wanda ko dai yana riƙe da lamba ko ba ya riƙe da komai: idan babu komai, wurin lambar yana nan a buɗe, da duk abin da aka bari a ciki.

Kalmomi sun fi wannan rikici. Kalma a Rust manuni ce da tsawo. Wani ya rubuta "ruwa" kai tsaye. Wani kuma ya yanko haruffa huɗun farko daga "ruwan sama". Haruffa ɗaya, tsawo ɗaya, amma na farko yana nuna yanki mai bayit 4, na biyu yana nuna bakin yanki mai bayit 10. Ko da ma an rubuta "ruwa" sau biyu a fayil biyu, babu tabbacin adireshi ɗaya za su samu. Mai kwatanta manuni zai ce daban ne, mai manhaja ya tsaya yana kallon saƙon kuskure da ke gaya masa nau'in "ruwa" bai dace da nau'in "ruwa" ba. Ƙari a kan haka, Rust bai taɓa yin alkawarin yadda zai jera gurabe a ƙwaƙwalwa ba, yana ma sauya musu wuri don rage ciko. Ɗora shaidar nau'i a kan jerin da ba a yi alkawarinsa ba gini ne da ba a san ranar da zai motsa ba.

Maganin da wannan ɓangare ya kawo shi ne abin da ake kira valtree, bishiyar ƙima, wadda Oli Scherer, ɗaya daga cikin masu aikin kompailan Rust, ya gabatar da shawararta, aka kuma shigar da ita tsarin nau'o'in kompailan a 2022. Sauƙinta har ya so ya yi yawa. Abu biyu ne kawai a cikinta: ganye, wanda ke riƙe lamba guda, da reshe, wanda ke riƙe jerin wasu bishiyoyi. Ƙunshin ɗazu ya zama reshe mai ganye biyu, 7 da 100, ciko ya ɓace don babu inda zai zauna. Nau'i mai zaɓi irin Option ya zama reshe da ke farawa da lambar zaɓin da aka ɗauka, sannan gurabensa, in yana da su. Kalmar "ruwa" ta zama reshe mai ganye huɗu ko daga ina aka yanko ta, domin bishiyar ba ta ajiye manuni, sai ta bi shi ta ɗauko abin da yake nunawa. Ƙima ɗaya, siffa ɗaya. Kwatantawa ta koma bin reshe da reshe, kuma rubuta ƙimar cikin sunan da linka za ta gani ya zama karanta bishiyar daga sama zuwa ƙasa.

Masu bayit suna da martani, kuma ba na banza ba ne. Suka ce ai ba sai an gina bishiya ba, a share cikon kawai, a mayar da shi sifili, a bi manunai a kwafo abin da ke ƙarshensu, sai a kwatanta. A ganina nan ne hujjarsu ta ci kanta. Kafin ka san wane bayit ne ciko, sai ka bi nau'in gurbi-gurbi. Kafin ka san wane yanki na Option ne ke da rai, sai ka karanta zaɓin da aka ɗauka. Wanda ya yi duk wannan ya riga ya taka bishiyar, bai dai ajiye ta ba ne, gobe kuma sai ya sake takawa. Sannan in an manta sharewar a wuri ɗaya tak cikin kompaila, kuskuren zai shige shiru. Bishiya kuwa ba ta da aljihun da shara za ta ɓuya. Abin lura ma, kompailolin C++ ba su bi hanyar bayit ba a wannan fage. Clang yana riƙe ƙimomin da ya lissafa a wani tsari mai suna APValue, wanda shi ma rassa ne: lamba, ƙunshi mai gurabe, jeri, manuni zuwa abu sananne.

Inda masu bayit suka tsaya da ƙafafunsu shi ne batun tsada. Ganye guda a bishiya ya fi bayit guda cin wuri nesa ba kusa ba, saboda haka dogon rubutu ko babban tebur yana kumbura in ya shiga, har ta kai kompailan Rust ya sa iyaka ga yawan rassa da ganyen da zai yarda ya gina. Wannan gaskiya ce. Sai dai matsala ce ta injiniya, ana iya matse jerin bayit a wuri ɗaya ba tare da an taɓa ma'ana ba. Wanda kuma ke son cusa tebur mai bayit miliyan cikin shaidar nau'i, ya kamata a fara tambayarsa lafiya.

Akwai ɓangare na uku da ya taɓa cin zaɓe sannan ya faɗi. Su cewa suka yi harshen ai yana da alamar daidaito, ==, a bar ta ta yi hukunci. Kwamitin C++ ya karɓi shawara mai wannan ruhi a taronsa na Rapperswil a 2018, takarda mai lamba P0732, wadda ta jingina cancantar nau'i da ayyukan kwatantawar da kompaila ke rubuta masa. Kafin C++20 ya fita, a taron Belfast na Nuwamban 2019, suka janye, suka maye gurbinta da P1907, wadda ta raba daidaiton shirin gama-gari da == kwata-kwata. Misalin da ya fi nuna haɗarin dogaro da == shi ne nau'in kaso. A ce mai manhaja ya tsara 1/2 da 2/4 daidai suke, kuma a lissafi ya yi gaskiya. In kompaila ya bi shi, kwafi ɗaya zai fitar wa su biyun. To a cikin kwafin nan, in kod ya tambayi lambar sama, 1 zai gani ko 2? Amsar za ta danganta da wanda kompaila ya fara cin karo da shi, ko fayil ɗin da linka ta fara ɗauka. Saboda haka ƙa'idar da ta tsaya ita ce, duk ƙimomi biyun da kod zai iya bambancewa ta kowace hanya, daban ne. C++20 ya ce a kwatanta gurbi da gurbi, a ƙyale ==. Rust ya bi ta wata ƙofar ya iso wuri ɗaya: nau'in da zai shiga sai wanda == ɗinsa kompaila ne ya rubuta, gurbi da gurbi, ba hannun mutum ba.

Har nan harsunan biyu tafiyarsu ɗaya. A kan manuni ne suka yi hannun riga, kuma a nan nake ganin kowa yana da abin faɗa. Takardun kuɗi biyu na naira dubu, a wurin mai shago abu ɗaya ne, amma a wurin mai binciken da ke bin sawun kuɗin sata lambar da ke jikin kowace ita ce magana. Rust mai shago ne: manunai biyu da ke nuna 5 da 5 ɗaya ne, ko ina biyar ɗin suke zaune. C++ mai bincike ne: manuni zuwa a da manuni zuwa b daban ne ko da abin da ke cikinsu ya zo ɗaya, kuma sunan abin da aka nuna shi ake rubutawa cikin sunan kwafin.

Abin da C++ ya samu da wannan ba kaɗan ba ne. Tun ma'aunin 1998 ana iya ba shirin gama-gari adireshin wani aiki, ko na wani abu da ke zaune dindindin a manhaja, ko manuni zuwa gurbin ƙunshi, kuma masu rubuta ɗakunan karatu sun gina abubuwa da yawa a kai. Abin da aka nuna yana iya canzawa yayin da manhaja ke gudana, ba komai, tunda wurin ake nufi ba abin da ke ciki ba. Bishiyar Rust ba za ta iya wannan ba, ta riga ta jefar da adireshin. Farashin da C++ ya biya shi ne kalmomi. Ba ka iya miƙa "ruwa" kai tsaye a matsayin manuni, domin ma'aunin bai ce rubutu biyu masu haruffa ɗaya abu ɗaya ne a ƙwaƙwalwa ba. Dole ka ƙirƙiri ɗan ƙunshi da zai kwafe haruffan cikin jeri, ka miƙa shi. Dabarar ta yaɗu har kusan kowane babban ɗakin karatu yana da irin nasa, kuma in ka lura, abin da ɗan ƙunshin ke yi shi ne ainihin abin da bishiyar Rust ke yi da kanta.

A nan na fi karkata ga Rust, amma don wani dalili da ya keɓanta da shi. A Rust kowane aiki yana da nau'insa na kansa, saboda haka mai son miƙa aiki ga shirin gama-gari yana miƙa shi a matsayin nau'i, ba ya buƙatar adireshi. Harshen ma ya faɗa ƙarara cewa adireshin aiki ba abin dogaro ba ne, don kompaila na iya haɗe ayyuka biyu masu kod ɗaya, ko ya kwafi ɗaya sau biyu. Abin da Rust ya rasa da jefar da adireshi bai kai abin da C++ zai rasa ba in ya kwaikwaye shi. Wanda ya ce ɗaya daga cikinsu ya yi kuskure, bai duba abin da kowannensu ya gada ba.

A kan lamba mai ɗigo kuwa ina ganin C++ ya fi gaskiya. Ma'aunin IEEE 754 na 1985 ya zo da abubuwa biyu masu ban haushi: akwai sifili mai alamar ƙari da sifili mai alamar ragi, kuma == yana cewa daidai suke; akwai kuma NaN, sakamakon lissafin da ba shi da amsa, wanda bai yi daidai da kowa ba har da kansa. C++20 ya karɓi lambobi masu ɗigo, ya ce 0.0 da -0.0 daban ne. Ai kuwa daban ne, raba 1 da kowannensu ka gani: ɗaya zai ba ka rashin iyaka ta sama, ɗaya ta ƙasa. Ƙa'idar kaso ce dai aka sake bi. Rust ya hana su baki ɗaya, ba don ganye ba zai iya riƙe bit ɗinsu ba, sai don yana son daidaiton nau'i ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da ==. Abin da hanin ya haifar shi ne mutane suna juya lambar zuwa cikakkiyar lamba mai bit 64, su miƙa, su sake juyo ta a ciki. Kwatanta bit da bit ɗin da aka guje wa shi ake yi, an dai ƙara wa mai rubutu wahala.

Masu goyon bayan hanin suna da hujja guda da ban iya turewa ba, ita ce NaN. Ba siffa ɗaya gare shi ba, tsarin bit masu ɗimbin yawa duk NaN ne, kuma wanda sifili raba sifili ke haifarwa a na'urar x86 ya bambanta da na ARM a bit ɗin alama. Nau'in da shaidarsa ta rataya a kan wannan ba shi da tabbas. Amma hujjar ta isa ta hana NaN ne kawai, ba ta isa ta hana 3.5 ba. Rust kansa ya yi irin wannan rabon a wani wuri: yana barin a sa lamba mai ɗigo a tsarin zaɓe na match, yana ƙin NaN.

Da sauran rina a kaba game da gurabe na sirri. C++20 ya shardanta duk guraben ƙunshin su kasance a bayyane, shi ya sa std::pair da std::array suka shiga, std::string da std::optional da std::tuple suka tsaya a waje. Dalilin shi ne mai ɓoye gurabe yawanci yana da tasa fahimtar daidaito, wadda bin gurbi-gurbi zai karya. Rust ya bar wa marubucin nau'in ya sa hannu da kansa ta alamar ConstParamTy, sai dai sa hannun alkawari ne mai nauyi. Ran da ya ƙara wani gurbi na cikin gida, a ce don ajiye sakamakon wani lissafi, ƙimomi biyun da jiya suke nau'i ɗaya na iya wayar gari daban, kod ɗin mutanen da ba su taɓa ganin gurbin ba ya ƙi harhaɗuwa. Bishiyar ta warware yadda za a riƙe ƙima, ba ta warware wanda ke da ikon cewa wane gurbi ne ke cikin shaida ba. Irin waɗannan tambayoyi na cikin abin da ya riƙe adt_const_params, fasalin da zai bar ƙunshi ya shiga, a sigar gwaji ta kompailan shekaru bayan 1.51, an kuma ware kalmomi da manunai zuwa wani fasalin gwaji na daban don kada su ja wa sauran jinkiri.